An ce manhajar kyauta ce, to me ya sa take ƙin shiga?

Idan an ce manhaja kyauta ce, an kuma baje tushenta a fili kowa ya ɗiba, me ya sa mutum zai kwana uku yana fama da ita ta ƙi shiga kwamfutarsa? Wannan tambaya ta yawaita a bakin ɗalibai da masu shagunan kwamfuta a Sakkwato tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Akasarin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu 'yan gwanjo ne, kuma da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Sai shawara ta yi ta yawo: a koma Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, a koma buɗaɗɗun manhajoji, ba a biyan ko sisi. Wasu sun koma sun ji daɗi. Wasu kuwa sun dawo suna cewa yaudara ce.

A gefe guda ga sanarwar da Google ya fitar a watan Agustan 2025 kan tantance masu ƙera manhajojin Android, wadda ta sa ake ta raɗe-raɗin cewa an kusa hana tura manhaja daga waya zuwa waya.

Maganganun nan biyu jijiyarsu ɗaya. Dukansu sun rataya ne a kan wani aiki da ba a cika ambatonsa ba, wato ƙunsa manhaja, abin da masu harkar ke kira fakej. Rubuta manhaja daban, kai ta hannun mai amfani daban, kuma a tsakanin biyun ne mutanenmu suka fi shan wuya.

Tsakanin damin gero da ƙwaryar fura

A ce wani manomi daga Wurno ya sauke maka damin gero a ƙofar gida, ya ce kyauta ya ba ka. Ya yi maka alheri, babu shakka. Amma idan fura kake son sha yanzu, da sauran tafiya: a sussuka, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka, a tankaɗe, a cura, a dafa, a kirɓa, sannan a nemo nono a dama. Wanda ba shi da turmi da taɓarya, damin nan bai kashe masa ƙishirwar komai ba.

Tushen manhaja shi ne damin geron. Rubutu ne da ɗan Adam ya yi da wani yaren kwamfuta, kamar C ko Python ko Java. Idan aka ce manhaja buɗaɗɗiya ce, ana nufin an ba kowa izinin karanta wannan rubutu, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Richard Stallman ne ya assasa wannan tafiya da shirin GNU a 1983, lasisin GPL ya fito a 1989, sannan Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991. Abin da lasisin ya ba ka 'yanci ne. Bai yi maka alƙawarin za ka tarar da fura a dame ba.

Ƙunshi kuwa shi ne ƙwaryar furar. A cikinsa akwai manhajar da aka riga aka sarrafa ta koma abin da injin kwamfuta ke fahimta. Akwai sunanta da lambar sigarta. Akwai jerin sauran manhajojin da ba za ta tashi ba sai da su. Akwai bayanin inda kowane fayil zai zauna, da yadda za a kwashe shi idan an gaji da ita ba tare da an bar tarkace ba. A ƙunshin da aka yi da kyau, akwai hatimin wanda ya ɗaure shi. Kowane gida da irin ƙwaryarsa: Windows na karɓar exe da msi, Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, na karɓar deb, 'yar'uwarsu Fedora na karɓar rpm, Android na karɓar apk.

Duba VLC, manhajar kallon bidiyo mai tambarin mazubi ruwan lemo, wadda da wuya ka buɗe kwamfuta a garin nan ba ka gan ta ba. Buɗaɗɗiya ce, ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa. Mutane da yawa da ke amfani da ita ba su ma san haka ba, domin ba su taɓa ganin geronta ba. Fayil ɗaya ake turo musu a filas, su danna, ta shiga. Wasu ne suka ɗauke musu wahalar surfe da daka.

Dare uku a Mabera

Ɗan ƙanwata yana karatun aikin gona, yana rubuta kundin kammala digiri a kan ban ruwan albasa a fadamar Kwalkwalawa. An nuna masa wata manhaja da wani mai bincike a ƙasar waje ya rubuta da Python, mai lissafa yawan ruwan da shuka ke buƙata gwargwadon zafi da iska. Ya zo mini gida a unguwar Mabera bayan magariba da kwamfutarsa a jaka, fuskarsa duk ta yamutse.

"Kawu, wanga abu ya ƙiya. An ce kyauta ta, ga ta nan intanet, amma ban ga inda ake dannawa ba."

Gaskiyarsa, babu inda ake dannawa. Abin da ke shafin manyan fayiloli ne cike da rubutu, da wata 'yar takardar bayani mai layi shida da Turanci, tana cewa a rubuta umarni kaza a baƙin allo. Muka rubuta. Ta ce sai an kawo wasu manhajoji goma sha wani abu. Muka fara saukewa, ɗaya ta ce ba ta jituwa da sabon Python ɗin da ke kwamfutar, tsohon take so. Muka sauko da tsohon. Wata kuma ta ce ba ta da sarrafaffen zubi na wannan kwamfutar, sai dai a sarrafa ta a nan, kuma kayan sarrafawar kaɗai sun fi gigabait guda. Datar da ya saya ta mako ta ƙare a daren farko. A dare na biyu saukewa ta yi nisa sosai aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa irin na gwanjo ne, ko minti ashirin ba ya yi. Muna zaune a tsakar gida cikin zafin watan Afrilu, yana riƙe da waya sama-sama yana neman inda sabis ya fi ƙarfi, gumi na ɗiga a kan madannai.

Sai a dare na uku ta tashi. Da ta tashi, lissafin da yake nema bai ɗauki minti biyu ba.

Ba na ganin laifin wanda ya rubuta manhajar. Ya yi aikinsa, ya bayar fi sabilillahi. Amma ya rubuta ta ne a inda intanet ba ya yankewa, wuta ba ta ƙiftawa, kuma duk kayan haɗin suna zaune a kwamfutarsa tun tuni har ya manta da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da yaron nan ba shi da wanda zai zauna da shi dare uku, da ya haƙura, ya tafi da yaƙinin cewa kansa ne ba ya ja. Alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, ƙunshi ne babu.

Kayan haɗi, inda gizo ke saƙa

Babu manhajar zamani da ke tsaye da ƙafarta ita kaɗai. Mai rubutawa ba ya ƙirƙiro komai daga farko, aro yake yi. Yana son zana jadawali, sai ya jingina da aikin wani. Yana son buɗe hoto, sai ya jingina da na wani. Shi ma wancan ya jingina da wasu. Ka jawo ɗaya, ɗari su biyo shi. Waɗannan su ne kayan haɗi, kuma kowannensu yana da sigogi, yau an gyara, gobe an sauya. Manhajar da aka gina a kan sigar bara tana iya rushewa a kan ta bana. Daga nan ne aka samo uzurin da ya fi kowane shahara a bakin masu rubuta manhaja: "Ai a kwamfutata tana aiki."

Wani abu da ya faru a watan Maris na 2016 ya nuna tsawon wannan sarƙa. Wani marubuci ya fusata a kan rikicin suna, ya janye ayyukansa daga npm, rumbun da masu yaren JavaScript ke ɗiba. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsin aiki mai suna left-pad, layi 11 kacal. Cikin sa'o'i dubban ayyuka a duniya suka kasa ginuwa, har da na manyan kamfanoni, sai da masu rumbun suka mayar da shi da kansu.

Mutanen Debian suna cikin waɗanda suka fara kawo wa Linux mafita mai ɗorewa. Ian Murdock ya kafa shirin a 1993, daga baya suka samar da APT, wanda aikinsa shi ne ya duba abin da ka nema, ya lissafo kayan haɗinsa, ya ɗebo su daga rumbu ɗaya da aka riga aka gwada jituwarsu. Yau rumbun Debian na ɗauke da ƙunshi sama da 60,000, kuma galibi 'yan sa-kai ne ke riƙe da su. Ubuntu, da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, a kan wannan rumbun ta ginu. Shi ya sa wanda ya koma Ubuntu ko Linux Mint ya nemi LibreOffice ta ayyukan ofis ko GIMP ta gyaran hoto yake samu da dannawa ɗaya. Wanda kuma ya nemi abin da ba a shigar rumbun ba, shi ne ke faɗawa irin ramin da muka faɗa a Mabera.

A ɗebo daga rumbu, ko kowa ya zo da guzurinsa?

A nan masana suka rabu, kuma rabuwar ta shafe mu kai tsaye.

Ɓangare na farko su ne masu rumbu. Suna cewa kayan haɗi guda ɗaya ya wadaci duk manhajojin da ke kwamfuta, kamar rijiyar unguwa. Ba a cika faifai da maimaici, kuma idan aka gano ɓaraka a wani kayan haɗi, wuri ɗaya za a toshe kowa ya tsira. Hujjarsu ta yi ƙarfi a watan Disamban 2021, lokacin da aka gano mummunar ɓaraka a Log4j, wani kayan haɗi na yaren Java da manhajoji masu ɗimbin yawa ke amfani da shi. Kamfanoni da hukumomi sun yi watanni suna lalube, saboda manhajoji barkatai kowace ta cusa nata kwafin a cikinta, ba wanda ya san adadinsu. Raunin wannan ɓangare shi ne jinkiri. Debian takan fitar da sabon zubi kusan duk bayan shekara biyu, saboda haka abin da ke rumbu sau da yawa ya kwana biyu.

Ɓangare na biyu suna cewa kowace manhaja ta zo da guzurinta a ɗaure, kada ta dogara da abin da za ta tarar. Nan ne Snap na kamfanin Canonical, da Flatpak, da AppImage suka shigo. Docker, da ya fito a 2013, ya kai abin ƙarshe: manhaja da duk muhallinta a cikin kwantena guda, kamar yadda ake loda kaya a tashar jirgin ruwa. Mai rubutawa ya huta, ƙunshi ɗaya ya yi wa kowa. Amma nauyi ya ƙaru. Manhajar da ba ta taka kara ta karya ba tana iya janyo ɗaruruwan megabait a karon farko, saboda sai an sauko da ginshiƙin da za ta zauna a kai.

Masu wannan muhawara galibi suna zaune ne a inda girman fayil ba ya cikin lissafi. Mu kuwa a nan megabait kuɗi ne, balle tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Duk da haka, ni ban tsaya a kan girma kaɗai ba. Tambayar da na fi damuwa da ita ita ce: ƙunshin nan zai iya tafiya hannu da hannu? Hanyar rumbu ba ta da nauyi, amma tana son intanet a daidai lokacin girkawa, kowace kwamfuta kuma sai ta sauke nata. Fayil ɗin AppImage ko na exe, ko da ya yi nauyi, mutum ɗaya ne zai sauke shi a inda sabis ke da kyau, ya zuba a filas, ajinsu duka su kwasa. Ga malamin makaranta a Tangaza ko ma'aikacin asibiti a Gada, wannan ne bambancin samu da rashi.

Akwai kuma tsaka-tsaki da ban ga ana amfani da shi sosai a wurarenmu ba. A ɗakin kwamfuta na makaranta, ana iya ware inji ɗaya a sa masa apt-cacher-ng, duk ƙunshin da aka sauke sau ɗaya ya adana shi, sauran injinan su riƙa ɗiba daga gare shi. Kwamfuta talatin, kuɗin datar guda ɗaya. Kiwix ma da irin wannan tunani aka gina ta, tana dunƙule Wikipedia a fayil ɗaya a karanta ba intanet.

A teburin mai turi

Mafi yawan mutanenmu ba su da kwamfuta, waya gare su, kuma matsalar ta bi su can. Ka tsaya a layin masu waya na titin Emir Yahaya da yamma, za ka ga yaro da kwamfutarsa a kan ɗan tebur, igiyoyin caji sun harɗe kamar taliya, yana tura wa mutane karatu da wa'azi da manhajoji. Na taɓa ganin wani dattijo ya dawo da wayarsa yana nuna allon da yatsa.

"Ɗana, mi as same ta? Wayar maƙwabcina ta shiga, tawa ta ƙiya."

Yaron ya goge, ya sake turawa, ta sake ƙi. Ya ce, "Baba, sai dai in wayar ce ta gaji."

Wayar ba ta gaji ba. Dalilan da ke jawo haka sanannu ne. Tun watan Agustan 2021, Google Play ke buƙatar sababbin manhajoji su zo a wani tsari da ake kira AAB, inda shagon ke yanka wa kowace waya nata rabon gwargwadon injinta da allonta da yarenta. Abin da ke cikin wayar maƙwabci ɗinki ne da aka yi daidai jikinta, kuma gunduwa-gunduwa yake. Idan aka kwafo gunduwa ɗaya aka bar saura, ba zai shiga ba. Sannan ƙananan wayoyi masu araha da yawa har yanzu a tsohon tsarin bit 32 suke tafiya, ƙunshin da aka yi wa sabon tsarin bit 64 kaɗai ba zai zauna a cikinsu ba. Wani lokaci kuma akwai tsohuwar manhajar a wayar mai ɗauke da wani hatimi daban, Android kuwa ba ta yarda sabon da hatiminsa ya saɓa ya hau kan tsohon.

Mai manhajar da ya san irin mutanenmu yakan ajiye cikakken apk guda ɗaya mai shiga kowace waya, a shafinsa ko a F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android da aka kafa a 2010.

Wa ya ɗaure ƙunshin?

Wanda ya sha fura bai ga lokacin da aka daka ta ba, amana ya ba mai damu. Haka mai girka ƙunshi. Ana yawan cewa buɗaɗɗiyar manhaja ta fi aminci tunda kowa na iya karanta tushenta, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai tushen ake karantawa, ƙunshin ake girkawa, kuma ba dole ne su zama abu ɗaya ba.

A ƙarshen watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi har ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa mutum ɗaya tilo da ke riƙe da aikin, har aka yarda da shi aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. Abin lura a nan shi ne, wani muhimmin yanki na tarkon ba ya cikin tushen da jama'a ke dubawa. A cikin dunƙulen da ake miƙa wa masu ƙunsawa aka ɓoye shi. Allah Ya taƙaita, an kama shi a sigogi 5.6.0 da 5.6.1 kafin ya isa manyan zubin da jama'a ke amfani da su.

Ko ba mugunta, mai ƙunsawa na iya kuskure. A 2008 an gano cewa wani gyara da aka yi wa OpenSSL, manhajar sirrinta saƙonni, a ƙunshin Debian tun 2006 ya raunana makullan sirrin da aka ƙera da shi. Saboda irin waɗannan ne ake ta ƙoƙarin ganin cewa duk wanda ya sarrafa tushe ɗaya ya samu ƙunshi iri ɗaya sak, ta yadda wani zai iya bin sawun wani.

Wannan shi ne raunin hanyar filas da na yaba a sama, kuma ba zan ɓoye shi ba. Fayil ɗin da ya ratsa hannu goma, ba ka san inda aka buɗe shi aka sake ɗaurewa ba. Irin su GB WhatsApp da matasa ke yayi, wani ne ya farke manhajar wasu ya sake ɗinkewa, ba ka san abin da ya cusa ba, ga lambobin banki a wayar. Maganin da ke akwai shi ne hatimi, da wata doguwar lamba ta SHA-256 da masu manhaja ke bugawa a shafinsu. Wanda ya fara saukewa ya gwada lambar fayil ɗinsa da tasu. Ko ɗigo aka taɓa, lambar za ta sauya gaba ɗaya.

Google da F-Droid

Yanzu sai mu koma kan raɗe-raɗin hana turi. Abin da Google ya sanar shi ne, manhajar da za a girka a wayoyin Android masu rajista dole ta fito daga wanda ya tantance kansa a wurin kamfanin, ko da ba ta shagon Play ta biyo ba. Ya sa Satumban 2026 a matsayin mafari a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma daga 2027. Nijeriya ba ta cikin rukunin farko. Hujjarsa ita ce miyagun manhajojin da ke shigowa ta bayan fage sun ninka na shagonsa fiye da sau 50.

F-Droid ya ce wannan zai kashe shi, domin shi da kansa yake sarrafa manhajoji daga tushe ya buga musu hatiminsa, kuma ba zai tilasta wa marubutan sa-kai su miƙa takardun shaidarsu ga kamfani ɗaya ba. Bayan ƙorafi ya yi yawa, Google ya ce a watan Nuwamban 2025 zai bar wata ƙofa ga waɗanda suka san abin da suke yi, da wani rukunin rajista na ɗalibai.

Don haka ba turin aka hana ba, wanda ya ɗaure ƙunshin ake tambaya. Dattijon da ke teburin mai turi zai iya samun kariya daga manhajar damfara, wannan alheri ne. Wanda nake jin tsoron a matse shi ne ɗan Runjin Sambo da ya rubuta wa Islamiyyar unguwarsu manhajar biyan kuɗin wata. Dama can rajistar Google Play dala 25 ce, ta Apple dala 99 duk shekara, takardar hatimin Windows ma da dala ake saye, idan babu ita kuma kwamfuta ta riƙa tsorata mai girkawa da gargaɗi.

Namu masu rubutawa

Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja suna raina wannan aiki. Kowa so yake ya ƙirƙiro sabon abu, ya ɗora a GitHub, shafin da ake baje tushen manhajoji, ya yaɗa cewa ya gama. A ganina bai gama ba sai ranar da ya ari kwamfutar wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, ya kashe intanet, ya miƙa masa fayil ɗin ya koma gefe ya yi shiru. Duk inda mutumin ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ne sauran aiki yake. A sa lambar siga, a rubuta sigar kowane kayan haɗi ƙarara, a saka lasisi, domin tushen da aka baje ba lasisi a doka bai zama na kowa ba. A rubuta bayanin girkawa da Hausa, a faɗi nauyin abin da za a sauke tun kafin mutum ya ƙona datarsa.

Akwai kuma gwajin da ba wanda zai yi mana shi a waje. A gwada manhajar da sunaye irin su Ɗanjuma da Ƙasimu da Mu'azu. Haruffanmu masu lanƙwasa sukan koma alamar tambaya ko su tsayar da manhaja cak idan ba a tsara ta a kan UTF-8, tsarin adana haruffan kowane harshe, ba, kuma 'yar waƙafin sama da ke cikin Sa'adu ta isa ta karya umarnin girkawa idan da sunan aka buɗe kwamfutar.

Masu shaguna ma su sani, lasisin GPL bai hana karɓar kuɗi ba. Wanda ya tara sahihan ƙunshi a faifai, ya tantance su, ya girka wa mutane LibreOffice ko QGIS ta zanen taswira ya karɓi ladan aikinsa, halalinsa ya ci, saɓanin mai saka fasasshiyar manhajar kuɗi.

Bayan ɗan ƙanwata ya gama lissafinsa, na ce masa kada wahalar nan ta tsaya a kansa shi kaɗai. Muka yi amfani da pip, manhajar da ke ɗebo kayan haɗin Python, muka sauko da duk kayan haɗin a babban fayil ɗaya, muka haɗa da sigar Python ɗin da ta dace, muka rubuta ɗan umarnin da ke girka su ba tare da intanet ba, da takarda mai shafi ɗaya da Hausa. Ya zuba a filas ya tafi da ita Dundaye. Abokan karatunsa da ke aiki a kan shinkafa da tumatir suka girka a ɗakin kwana, kowa cikin 'yan mintuna. Kwamfuta ɗaya ce ta ƙi, ta wata ɗaliba, tsohuwa ce mai bit 32, kayan haɗin da muka tara kuwa na 64 ne. Ya kawo mini ita ranar Asabar, tana nan a kan tebur, biyu daga cikin kayan haɗin sai mun sarrafa su da hannu.